Kifin Siyam a Gidan Inna

Bakina ne ya jawo mini kifayen nan, ba kowa ba.

Lokacin kuɗin mai sun fara isowa har Daura. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa yana sayen babur da rediyo mai kaset, wasu har da firji alhali wayar lantarki ba ta kai unguwarsu ba. Ni malamin dabbobi ne a lokacin. Kwana uku a mako ina Kongolam ina duba shanun da ake ƙetarowa da su daga Nijar, sauran kwanakin ina cikin gari. Ban daɗe da dawowa daga wani kwas da aka tura ni ƙasar Tailan ba, wadda tsofaffin littattafai ke kira Siyam, kuma in faɗi gaskiya na ishi mutane da labarinta. Kafin ita na je Sudan, na je Masar, na yi shekara a Ingila, amma ita ce sabuwa a bakina.

Cikin waɗanda muke zama da su da la'asar a gindin wata darbejiya akwai wani malamin lissafi, mutumin Filifin, gajere mai yawan murmushi, yana koyarwa a wata makarantar kwana a bayan gari. Wata rana ya ambata cewa yana da kifaye biyu a gida, 'yan ƙanana, ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, masu doguwar jela kamar gyale. Ya ce a littafi ana kiransu beta. Bai rufe baki ba na karɓe zancen. Na ce ai na san su farin sani. Na gan su a kasuwar Bankok jere cikin kwalabe, kowane shi kaɗai, an sa kwali tsakanin kwalba da kwalba don kada su ga juna. Da an zare kwalin sai su baza jela su kumbura wuya kamar zakaru, maza su zagaye su yadda muke zagaye 'yan dambe. Na yi ta zuba, shi kuma yana gyaɗa kai.

Da dogon hutun damina ya zo, sai ga shi a ƙofar gidanmu cikin a-kori-kura ta aro. Zai tafi ƙasarsu wata biyu da rabi, kuma duk garin bai ga wanda ya san kifin ba sai ni. Ya sauke akwatin gilashi mai bango a tsakiya, da jarka biyu na ruwan gidansa, da wani ɗan gwangwani na abincinsu, ƙwayoyi masu tauri kamar gero. Kifayen suna cikin kwalba biyu, ɗaya ja, ɗaya shuɗi. Ya buɗe gwangwanin ya soma yi mini bayanin yadda ake ba su, na katse shi. Na ce ya adana bayaninsa, ni da na ga kifin a ƙasar haihuwarsa. Ya yi dariya ya rufe gwangwanin. Abu biyu kawai ya nace a kansu: kada in haɗa su wuri ɗaya, kuma kada in juye su cikin sabon ruwa kai tsaye. Sai ya tsaya yana kallonsu. Ya ce tun da ya zo ƙasar nan, su kaɗai yake yi wa magana da harshen gidansu in ya dawo daga aji. Daga nan ya ɗauko wata kalma da ya koya a bakin ɗalibansa, ya nuna kwalaben da yatsa.

"Amana," ya ce.

"Amana," na ce.

Saukar da su ta yi kyau, wannan kam ba zan rage wa kaina ba. Na ɗora akwatin a kan tebur a ɗakina, kusa da taga inda haske yake shiga amma rana ba ta dukansa. Na cika shi da ruwan jarkokin. Na sa kwalaben suna yawo a saman ruwan har sanyinsu ya zo ɗaya, sannan na riƙa ɗibar ruwan akwatin da cokali ina zuba musu kaɗan-kaɗan. Tun bayan azahar nake wannan aiki har aka kira la'asar. Sannan na karkata kowace kwalba, kifin ya fita da kansa, ja a dama, shuɗi a hagu. Na manna kwali a bangon tsakiya don kada su ga juna, na rufe saman da faifai, saboda na ji suna tsalle. Na zauna ina kallonsu ina jin kaina.

Mu biyu ne a gidan a lokacin, ni da mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Maiɗakina ta tafi gidansu a Dutsi haihuwa. Ni ne ɗan farin Inna, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana ido da ido sai ta kama dole. In tana da abin faɗa mini, kajinta take gaya wa, da murya daidai yadda zan ji daga ɗaki. Ranar ta leƙo ta taga ta daɗe tana kallo, sannan ta koma tsakar gida ta watsa wa kaji tsaba.

"Ku ci, ku da ake morarku," ta ce musu. "An kawo mana wasu, ba su isa miya ba, ba su isa suya ba, an ba su tebur."

Tun daren farko na lura ba sa cin abincin gwangwanin. Sai in jefa ƙwaya, kifin ya taso a hankali, ya dube ta, ya ɗauka, ya juya ta a baki, ya tofar. Ta nutse ƙasa, ya bi ta da kallo kamar ba shi ya tofar ba. Na ce baƙunta ce, ko saniya in an canja mata garke takan yi kwana biyu ba ta kiwo sosai. Bayan mako guda ruwan ya soma dusashewa, ga na jarka ya ƙare. Na jawo na rijiyarmu, wanda da damina yakan yi ja-ja-ja, na bar shi ya kwana, na canja kashi ɗaya cikin uku. Bai yi garau ba, amma kifayen ba su nuna damuwa ba. Da zan tafi Kongolam na tsaya a tsakar gida, ni ma na gaya wa kaji cewa kifayen nan za su iya kwana uku ba su ci komai ba, kada kowa ya wahalar da kansa.

Ban yi tunanin yadda maganar za ta faɗa a kunnen Inna ba. A wurinta duk abin da ya kwana ƙarƙashin rufinta baƙo ne, kuma ba a taɓa barin baƙo da yunwa a gidan ba, balle a ba shi ruwa mai laka. Ta yi musu abin da take yi wa kowane baƙo. Ta jefa alif a ruwan, wannan farin dutsen da ake sa wa ruwan randa don dattinsa ya kwanta, kuma ba ta yi rowa ba. Ta marmasa musu fura safe da yamma.

Da na dawo ruwan ya yi fes daga sama, ƙasansa kuwa farin taɓo ne da tsamin fura. Jan yana kwance a gefensa, ya riga ya sandare. Shuɗin yana manne da saman ruwa yana haɗiyar iska, jelarsa a tsuke kamar lema da aka naɗe. Na tsame shi da moɗa, na roƙo ruwan sama da maƙwabta suka tara, na wanke akwatin, na sake yin aikin cokali daga farko. Jan na binne shi a gindin zogale.

Ina jin Fillanci da Larabci da Turanci, ina ciniki da Faransanci a bakin iyaka, amma babu harshen da ɗan fari zai ce wa uwarsa ta yi ɓarna. Na haɗiye. Ita ma ba ta ce komai ba, ko ga kaji. Da yamma na tarar da dambun zogale a ƙofar ɗakina, irin wanda take yi mini in na dawo daga doguwar tafiya. Na gane, na ci.

Saura ɗaya ke nan cikin amanar, shi kuma ya ƙi cin abinci.

Babu abin da ban gwada ba. Na ba shi gwaiduwar dafaffen ƙwai, ya shinshina ya juya baya. Na kankare hanta da reza, ya ɗauka ya tofar. Na daka busasshen kifi, na wanke kilishi har yajin ya fita, na kama ƙuda na cire masa fiffike, na tsinto shinge bayan ruwan sama. Kowanne sai ya taso da wannan tafiyar tasa ta isa, ya dube shi, ya dube ni, ya koma bayan dutsen da ke cikin akwatin. Abin da bai ci ba kuma dole in tsame kafin ya ɓata ruwa, don haka rabin yinina a kan tebur yake ƙarewa da cokali a hannu. Ni da nake ɗura wa bijimi magani, na taɓa sa raƙumi mai ciwo ya ci a Sudan, ga ni abu kamar tsinke ya gagare ni. A Ingila matar da na zauna gidanta tana da kyanwa mai zaɓen abinci, na riƙa yi mata dariya a zuci ina cewa ƙoshi ne. Na tuna ta a kwanakin nan, na nemi gafara.

Launinsa ya koɗe, shuɗin ya koma kamar tsohuwar riga da ta sha wanki. Cikinsa ya lotsa. Ina lissafa sauran makonnin da malamin zai dawo, ina shirya kalmomin da zan faɗa masa, duk wadda na shirya sai in ji ba ta faɗuwa.

A kan babur, tsakanin Mai'adua da gida, na tuna wani abu da na gani a Bankok ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Da sassafe mata sukan tsuguna a bakin magudanar ruwa da 'yar raga, suna kwasar wani abu suna sayar wa masu kifi. Tsutsar sauro ce. Ban shiga gida ba, na wuce kududdufin bayan unguwa, na naɗe ƙafar wando, na tace ruwan gefe da hankicina. Mutane suna wucewa suna gaishe ni, ina amsawa a tsugune. Wani dattijo ya tsaya ya tambaye ni ko wani abu ne ya faɗa mini. Da ƙyar na sami guda shida ko bakwai, don kwaɗi da 'yan kifayen kududdufin sun riga ni.

Na ɗauraye su na zuba masa ɗaya. Ba ta gama motsi ba ya cafke ta. Na zuba ta biyu, ya cafke. Ya cinye duka, ya tsaya yana kallona kamar ni na makara. Na ji daɗi, na kuma ji haushi, haushin ya fi yawa.

Amma ba zan iya tsugunno a kududdufi kullum ba, ga kuma kwana ukun Kongolam. Sai na sami wani tsohon kasko na ajiye bayan rumbu, na zuba ruwa, don sauro ya zo ya yi ƙwai. Washegari na tarar an kife shi. Na sake cikawa, aka sake kifewa. Na koma da gwangwanin madara, na ɓoye shi cikin ciyawa, shi ma aka gano shi.

A nan sai na yi bayanin Inna da ruwa. A zamanin akwai duba-gari, ma'aikatan tsafta masu kaki, suna bi gida-gida da tocila da ludayi suna leƙa randa da tulu. Gidan da aka samu da tsabta a yi masa alama da farin alli a bangon zaure. Wanda aka samu da tsutsa a ruwa a zubar, a fasa tukunyar, a ja masa jan alli, maigidan ya je gaban alƙali. Maigida ake kira, amma kowa ya san ruwan gida na mace ne, kunyar tata ce. Tun da aka kawo Inna gidan tana amarya ba a taɓa samun tsutsa ko ɗaya a randarta ba. Kullum sai ta wanke ta, ta kife duk abin da zai iya riƙe ruwa, har ɓawon kwakwa. In ana yi wa amarya faɗa a unguwar, da randar Inna ake misali. Na ga manyan tulunan Sudan da na Masar da ake yabo, ban ga wanda ya kai tata ba. Ba ta da gona, ba ta da shanu, wannan sunan shi ne abin da ta tara.

Ranar da aka kife gwangwanin na rasa yadda zan yi. Na je na durƙusa a ƙofar ɗakinta, na yi magana kai tsaye, abin da ban saba ba. Na ce ni ke ajiye ruwan, tsutsar nake so, ita kaɗai kifin yake ci. Ta juya ta kalli bango. Can ta ce wa bangon, ita dai ta ga ana kiwon tumaki, ana kiwon tantabaru, yau ga wanda ya je ƙasashe ya koyo kiwon sauro. Na ce in kifin ya mutu ban san da wane ido zan kalli mai shi ba, ya ba ni biyu, ya ce amana.

"Da bakinsa ya ce amana?" ta tambayi bangon.

Na ce da bakinsa.

Washegari na ga ta fito da wani tsohon tulu mai tsage a wuya, ta ajiye shi bayan rumbu, ba inda na sa kaskona ba, can cikin lungu inda rana ba ta kai. Ta zuba ruwa ta ƙara masa tsari, ruwan wankin surfe, ta jefa busassun ganye. Ta gaya wa kaji cewa wasu ko sauron ma ba su san inda yake so ba. Gaskiyarta. Shekara arba'in tana yaƙi da shi, babu wanda ya san halinsa kamarta. Cikin mako guda tulun ya cika da tsutsa.

Ita ta karɓi ciyarwar. Takan ɗebo da ludayi, ta tace da tsumma, ta ɗauraye da ruwan randarta, ta zuba masa 'yan kaɗan da safe, 'yan kaɗan da yamma, don na roƙe ta kada ta yi masa irin zubin da take yi wa baƙi. Kifin ya murmure. Launinsa ya dawo, ya soma baza jela in ya ga inuwarta a taga. Har ya fara tara kumfa a saman ruwa, wadda na san alama ce ta lafiya, gida yake ginawa. Inna kuwa ƙazanta ta gani. Kullum da safe sai ta kwashe kumfar da cokali, kullum shi kuma sai ya sake ginawa. Na yi bayani ta hanyar kaji har na gaji, na ƙyale su.

Sauro kuma ya yi yawa a gidan, wannan ba ya ɓoyuwa. Ba duk tsutsar ake kwashewa ba, wadda ta tsira sai ta yi fiffike. Ina jin Inna tana tafa hannu a ɗakinta, ba ta yi ƙorafi ba.

Duba-garin unguwarmu ɗan kawuna ne, ɗan wan Inna, wato taubashina. Ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Gidanmu a wurinsa wurin hutawa ne. Yakan leƙa randar don cika ƙa'ida, ya sha ruwanta, ya ja farin alli ya wuce. Wata Laraba da hantsi, saura mako uku malamin ya dawo, na ji sallamarsa. Tare yake da wakilin mai unguwa, wani tsoho mai sanda wanda ba ya mantuwa kuma ba ya riƙe magana.

"Gwaggo, a ba mu ruwan da ya fi na famfo," ya ce. "Ina mutumin Siyam? Ko ya koma?"

Na fito muka gaisa, na ce masa kakinsa ya yi masa kaɗan, cin tuwon gidajen mutane ya fara nunawa. Ya haska randar, ya sha, ya nuna wa tsohon yana cewa da kowa haka yake da sun huta. Sai ya mari wuyansa. Ya dubi tafinsa, sauro ne da jini. Ya sake marin hannu. Da rana tsaka, a gidan Gwaggo. Na ga fuskarsa ta canja. Ya bi bango a hankali, ya zagaya bayan rumbu, tsohon yana biye da shi. Na ji ƙarar tocila.

Da ya fito babu wasa a muryarsa. "Gwaggo, wannan tulun fa?"

Na ce nawa ne, ni na ajiye, ba ruwanta. Na ja shi ɗaki na nuna masa kifin, na yi masa bayani tun daga farko. Ya dubi kifin, ya dube ni.

"Kai da ba ka san inda moɗa take a gidan nan ba, kai ne ka san a zuba tsari?" ya ce a hankali. "Da ni kaɗai ne, da na ce ban gani ba. Dubi wanda na zo da shi."

Tsohon yana tsaye a tsakar gida ya dogara da sanda, yana cewa ikon Allah, ikon Allah.

Taubashina ya fito da tulun ya ajiye a fili. Ya ɗaga ƙafa zai tunkuɗe shi, Inna ta ce ya dakata. Ta shiga ɗaki ta fito da ludayi da ƙwarya. A gabansu ta tsuguna, ta ɗebi tsutsar har sau uku, ba ta gaggauta ba, ta rufe ƙwaryar da faifai.

"Wannan na baƙo ne," ta ce. "Sauran yi aikinka, ɗana."

Ya zubar, ya fasa tulun da gindin tocila, bai kalle ta ba. A zaure ya daɗe yana laluben aljihu kafin ya fito da jan allin.

Na je gaban alƙali. Ya sa na maimaita bayanina sau biyu, ba don bai gane ba, don masu zaman kotun su ƙara dariya. Aka yi mini abin da ake yi wa kowa, na fito. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, kafin la'asar labarin ya gama unguwa, kuma babu wanda ya ce an kama malamin dabbobi. Cewa aka yi an sami tsutsa a gidan Inna. Wata maƙwabciya da Inna ta sha yi wa faɗa a kan tulunta ta shigo aron rariya, tana jira ta ce ashe kowa da ranarsa. Inna ta miƙa mata rariyar. Daga ranar ban sake jin ta gyara wa wata mace zancen ruwa ba, har ta bar duniya.

Tsutsar ƙwaryar ta yi kwana uku ta ƙare. A rana ta huɗu sai ga taubashina da la'asar, ya ciro wata 'yar kwalba daga aljihun kakinsa. Irin wadda suke ɗibar tsutsa a ciki su kai kotu shaida ce. Ya dangwara mini a tebur.

"Ga abincin ɗan sarauta," ya ce. "Daga randar wani babban mutum, ba zan faɗi suna ba. In ya ƙoshi ka gaya masa ya yi wa Gwaggo addu'a."

Haka ya riƙa kawowa kusan kullum har hutu ya ƙare, kuma bai taɓa ajiyewa ba tare da ya gasa mini magana ba. Na shanye duka.

Malamin ya dawo ya yi ƙiba, ya kawo mini riga. Na gaya masa mutuwar jan, na ce laifina ne, ban ambaci alif ba. Ya ce jan ya tsufa dama. Ya sunkuya kan shuɗin ya yi masa magana da harshensu, kifin ya baza jela. Ya yaba ƙibarsa. Sai ya ga gwangwanin abincin a kan taga, ya girgiza shi, ya ji kusan a cike. Ya tambaye ni me ya sa. Na ce ai kifinsa ba ya cin wannan, tofarwa yake yi.

Ya nemi cokali biyu. Ya sa ƙwaya uku a ɗaya, ya murƙushe su da bayan ɗayan, ya ɗiga ruwan akwatin, ya jira kamar tsawon karanta Fatiha, ya zuba. Kifin ya taso ya cinye tas, ya tsaya yana jiran ƙari. Malamin ya ce bakinsu ƙarami ne, ƙwayar ta yi musu girma da tauri, sai an farfasa an jiƙa. Ya ce abin da ya so ya nuna mini ke nan ranar da ya kawo su, sai na ce na sani.

Na taimaka masa muka ɗora akwatin a mota. Da muka zo zaure ya ga jan allin a bango, ya tambaye ni ma'anarsa. Na ce alama ce ta ma'aikatan tsafta. Ya ce yana son ya yi wa Mama godiya, ya leƙa ya ce sannu Mama da Hausarsa, ta amsa daga ɗaki ta sa masa albarka. Motar ta tashi.

Na so in goge allin a ranar, Inna ta gaya wa kaji a bar shi, wanda ya rubuta shi ne zai goge. Yana nan har aka yi wa zauren sabon yaɓe bayan shekara biyu.

Ban taɓa gaya mata zancen cokali biyun ba. Na sha yin niyya, in na zo ƙofar ɗakinta sai in gaishe ta in wuce. Bayan kamar mako guda da tafiyar kifin, ina ɗaure takalmi zan tafi Kongolam, na ji ta tana watsa tsaba tana tambayar kaji ko baƙon nan yana samun abinci a can, wa yake tace masa tsutsar, don mai shi namiji ne shi kaɗai.

Na ce yana ci, Inna.

Ta ce to, a gaya wa mai shi ya riƙa ɗauraye ta tukuna.